Ajin ɗinkin makarantarmu a Agege da kayan sallar marayu: abinda ya faru daga farko

Na daɗe ina so in zauna in rubuta wannan abun, dan malaman islamiyyu daga Idi-Araba da Mile 12 sun sha kirana suna tambaya wai Malama ya kuka fara ajin ɗinkin nan naku, keke nawa ake buƙata, nawa kuke biyan mai koyarwa. Ina basu amsa daidai gwargwado amma a waya ba a iya faɗin komai, musamman abinda ya faru damu a sallar farko wanda har yau in na tuna sai naji ƙirjina yayi nauyi. Toh gashi nan zan faɗa duka. Bazan kama sunan makarantar ba kuma bazan kama sunan kowa ba tunda akwai marayu a cikin maganar.

Makarantar tamu tana Agege ne ba nisa da layin dogo, boko da safe islamiyya da yamma. Iyayen yaran mafi yawa masu goro ne da mahauta da masu harkar shanu a Oko-Oba, sai direbobi da masu gadi da ƴan acaba. Ni a nan aka haife ni, kakana goro ne ya kawo shi kamar yanda ya kawo Hausawa da yawa Agege tun bayan da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano a 1912, dan haka iyayen nan ba baƙi bane a wajena, na san gidan kowa kuma na san wanda tukunyarsa bata hau wuta ba.

Abinda ya tada maganar ɗinki shine hana acaba. Ranar 1 ga Yuni 2022 gwamnatin Legas ta hana a ƙananan hukumomi shida, Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa da Lagos Island da Lagos Mainland, a watan Satumba kuma aka ƙara Mushin da Oshodi-Isolo da Kosofe da Shomolu. Mutanenmu da yawa a Agege suke kwana amma Ikeja suke neman abinci, sai gashi kuɗin makaranta ya fara tsayawa, kuma kun san in abu ya matse ƴa mace ake fara cirewa, a ɗora mata talla ko a fara maganar aure. A zango ɗaya muka rasa manyan ƴan mata huɗu. Kwamitin iyaye ya zauna aka ce a samo abinda uba zai gani da idonsa yace zaman yarinyar nan a makaranta yana da amfani tun yanzu. Dama tun 2011 manhajar babbar sakandare ta zo da darussan sana'a har da ɗinki, ana ma rubuta shi a WAEC, amma mu a allo muke zana keken ɗinki da alli yara su kwafa a littafi, babu wadda ta taɓa taka keke a aji.

Wani Alhaji mai shanu ya siyo mana keken ɗinki Butterfly guda huɗu na ƙafa, Allah ya saka masa. Muka fara a watan Oktoba 2022 da yara goma sha huɗu, Alhamis da yamma da Juma'a bayan an sauko daga masallaci tunda ranakun babu islamiyya. Mai koyarwar kowa Anti yake ce mata, bazawara ce da yara uku, a Oshodi ta koya wajen wata Bayarabiya shekara uku cif har tayi firidom, wato bikin yaye da Yarabawa suke yiwa yaron shago in ya gama. Ni kuma aka bani littafin lissafi da makullin ajin.

Anti bata da wasa ko kaɗan. Wata guda cur babu wadda ta taɓa yadi, taka keke kawai ba zare har ƙafa ta saba kar ya dinga komawa baya, daga nan ta ja layi a takardar buhun siminti kibi layin da allura, miƙaƙƙe da mai lanƙwasa da kwana, ta ɗaga takardar a hasken taga ta duba hujin. Yara suka fara ƙorafi iyaye ma suka fara, wata uwa tazo tace ita bata turo ƴarta huda takarda ba. Anti tace mata Maman yara kiyi haƙuri, wadda bata iya bin layi a takarda ba atamfarki zata ɓata miki. A lokacin ni kaina ina ganin kamar tana jan abun da yawa, yanzu na san ita ke da gaskiya.

Kafin wata biyu keke biyu sun tsaya. Ɗaya yana tsinka zare ɗaya yana tsallake ɗinki, kuma babu ko sisi da muka ware na gyara, duk tunaninmu ya tsaya a samun keken. Yara sha huɗu a kan keke biyu, rabin lokacin a jiran layi yake ƙarewa. Wanda ya cece mu wani dattijo ne mutumin Katsina cikin telolin nan masu yawo da keke a kafaɗa suna kaɗa almakashi, waɗanda ake cewa obioma, Yarabawa kuma suce ejika ni shop wato kafaɗa ce shagon. Naji ƙarar almakashinsa a layinmu na fita na kira shi nace Baba dan Allah ko zaka duba mana. Ya buɗe ƙasan keken ya ciro wani curin ƙura da guntayen zare, ya kuma gano wata cikin yaran ta ɗiga man gyaɗa saboda taji keken yana ƙara, man ya daskare ya riƙe komai. Ɗayan kuma allura ce aka sa a juye. Bai tsaya a gyara ba, ya zaunar da yaran ya nuna musu inda ake ɗiga man keke, yanda ake naɗa kwarkwaro kar yayi tudu gefe ɗaya, allura lamba 14 ga atamfa lamba 16 ga yadi mai kauri, in kinga zare yana taruwa a ƙasan ɗinki to na sama ne yayi sako-sako ki ɗaure shi kaɗan. Tun daga ranar duk Juma'ar farkon wata yana zuwa muna bashi abinda ya samu, kuma duk wanda ya tambaye ni shawarar buɗe aji abinda nake fara ce masa kenan, ka nemi mai gyara kafin ka nemi keke na biyar.

Maganar kyauta wata Hajiya ce a kwamiti ta kawo, kuma niyyarta mai kyau ce wallahi. Tace tunda muna da marayu goma sha tara a firamare me zai hana ƴan ajin ɗinki su ɗinka musu kayan sallah, yara su samu lada su samu gwaji, marayu su samu sutura. Kowa yayi na'am har dani, na ma fi kowa zumuɗi.

Azumin 2023 ya kama ranar 23 ga Maris, kuma duk wanda yake Najeriya ya san halin da ake ciki na ƙarancin takardar naira saboda canjin kuɗi, masu POS suna cajin abinda suka ga dama, tiransfa kuma ta tafi ta maƙale. Nida Anti muka shiga kasuwar Oshodi da kuɗin gudummawa a akawun, muka yi ta yawo da azumi a baki, daga ƙarshe muka samu dila ɗaya da ya yarda da tiransfa kuma yace zai mana ragi in muka ɗauki zane iri ɗaya. Muka ɗauko atamfa shuɗiya mai ɗigon ruwan ɗorawa turmi biyar duk iri ɗaya, da yadi ruwan toka na maza shima iri ɗaya. Muna dawowa a danfo ina ta murna mun samu sauƙi.

Bamu auna yaro ko ɗaya ba, wai muna so ya zama bazata. Anti ta yanka gida uku, ƙarami da matsakaici da babba. Yaran ajin kuma watansu biyar kacal da farawa, ga azumi ga zafin Legas na watan Afrilu a ɗaki mai rufin kwano, siket ɗaya sai ya ɗauki yarinya zama uku. Da muka shiga goman ƙarshe muka ga bazai yiwu ba sai Anti ta kwashe kayan ta tafi dasu gida tana ɗinkawa bayan tarawihi har sahur, ga nata kwastomomin suna jira. Dan haka kayan da muka ce ɗalibai ne suka ɗinka, in za'a faɗi gaskiya fiye da rabi hannun Anti ne, yaran kalmasa da guga da sa maɓalli kawai suka yi.

Sai ranar rabo. Muka tara iyaye ranar da za'a bada hutu, aka shimfiɗa tabarmi, nice na riƙe takarda ina kiran suna ɗaya bayan ɗaya, yaro ya fito ya karɓa a ɗauke shi hoto dan a turawa masu gudummawa a WhatsApp. Anyi kabbara anyi addu'a wasu har da hawaye, na koma gida ina jin munyi abin kirki.

Sallah ta kama Juma'a 21 ga Afrilu. A filin idi na hango shuɗin nan nan da can a cikin sahu, wata rigar ta sauka har gwiwa wata ta ɗame hammata, ban kawo komai a raina ba. Kafin la'asar yaran unguwa sun raɗa masa suna, ankon marayu. Duk inda yarinya ta shiga yawon sallah an san wacece ita kuma an san wa ya bata.

Bayan hutu wata uwa tazo ta same ni a ofis da leda a hannu, kayan na ciki a ninke ko sawa ba'a yi ba. Ta gaishe ni cikin mutunci tace Malama na gode Allah ya saka da alheri, amma ku bawa wata. Nace lafiya, bai mata bane? Tace uban yarinyar nan ya rasu kowa ya sani, ba sai an rubuta mata a jiki ba. Ta ajiye ta tafi. Na zauna na kasa ko tashi in raka ta.

Zaman kwamitin da ya biyo baya yayi zafi. Hajiya ranta ya ɓaci sosai, tace mutum ya cire kuɗinsa a wannan marra sannan a dawo masa da kaya, ai wanda aka baiwa kyauta baya zaɓe, wasu iyaye maza suka goya mata baya suka ce a bar abun gaba ɗaya a dinga raba shinkafa kawai. Malam hedimasta ne ya kwantar da maganar, bai ɗaga murya ba, ya tuna mana ayar Baƙara ta 264 da ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, da ta 271 da tace in kun ɓoye ta kuka baiwa mabuƙata shi yafi muku, da hadisin mutum bakwai da za'a sa a inuwa, cikinsu har da wanda hagunsa bata san abinda damansa ta bayar ba. Yace Hajiya babu wanda yayi gori a cikinmu da baki, amma zanen yayi mana gorin. Anti kuma ta kawo nata ƙorafin wanda shima gaskiya ne, tace ita an ɗauke ta koyarwa ne, in duk shekara ita zata kwana ɗinki to yaran me suka koya.

Abinda muka canza a shekara ta biyu ba wani abu mai tsada bane. Mun buɗe littafin kwastoma. Muka sanar da duk iyayen firamare cewa ƴan ajin ɗinki zasu karɓi ɗinkin sallah a farashi ƙasa da na shago, duk mai so ya rubuta suna. Iyaye sha huɗu suka rubuta suka biya. Sai muka zuba sunayen marayun a cikin littafin nan ɗaya a gauraye, kuɗinsu ya fito daga asusun gudummawa, rasit iri ɗaya lamba a jere, babu wanda ya san wa ya biya da aljihunsa wa aka biyawa sai ni da Malam hedimasta. Su kansu ƴan ajin basu sani ba, ko dai suna zato to basu da tabbas, kowacce an bata kwastoma biyu ko uku nata na kanta.

Awo kuma kowa aka yiwa. Yarinya ta ɗauki tef ta durƙusa gaban yaro ɗan aji biyu ta auna kafaɗa da ƙirji da ƙugu da tsawon hannu da tsawon riga ta rubuta da hannunta, Anti na tsaye tana cewa ƙara inci ɗaya da rabi a tsawo, yaro ne kafin sallah ya ƙaru. A nan naga abinda ban zata ba. Yarinyar da a da in ɗinkinta ya karkace sai tace ai ba komai, yanzu ita da kanta take ɗaukar reza ta farke tun kafin Anti ta gani, saboda ta san fuskar mai rigar, tana ganinta kullum a layin asambuli kuma yarinyar tana tsayar da ita tana tambaya Yaya an gama kayana? Wata takwas Anti tana faɗa akan ɗinki mai tsafta bai shiga ba kamar yanda wannan tambayar ta shigar dashi.

Zane kuwa kala-kala muka siyo, aka yanko ƙyalle daga kowanne aka manna a kwali, uwa tazo ta nuna wanda take so. Turmi ɗaya yadi shida yana fitar da kayan ƙananan yara biyu wani lokacin uku, dan haka dole wasu suyi iri ɗaya, sai na dinga lura ina haɗa ƴar mai biya da marainiya a turmi guda. Mun fara tun watan Rajab da sharaɗin a gama kafin azumi ya raba, kuma Anti ta kafa doka akan kanta cewa bazata taka keke akan aikin ɗaliba ba, zata nuna a wani ƙyalle daban ne kawai. Kaftanin maza mun kai wa wani tela a unguwa saboda wuya da aljihun kaftani sun fi ƙarfin yaran a lokacin, gara mu faɗi gaskiya da mu ɓata yadi.

Hoto mun daina. Masu gudummawa muna tura musu hoton kayan a rataye a igiya da lissafin kuɗi dalla-dalla. Mutum ɗaya ya janye saboda haka, yace shi yana so yaga yaran da idonsa, na masa bayani har sau biyu bai gamsu ba muka rabu lafiya. Wannan ya taɓa mu dan dama kuɗin bai isa ba, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota da na atamfa da zare da zif duk suka tashi, kuma yawancin atamfar da talaka ke iya siya daga Chaina take zuwa dan haka duk motsin dala sai ya taɓa ta. Abun yana min ciwo in na tuna iyayenmu suna bada labarin masaƙun Kaduna, KTL da aka buɗe tun 1957 ta rufe a 2002, yau ga ƴaƴanmu suna koyon ɗinki akan zanen da ko zarensa ba namu bane.

Akwai kuma gwanjo. Kasuwar gwanjo ta Katangowa na nan kusa damu, uwa zata ce miki da kuɗin ɗinki ɗaya zata ɗauko riguna uku, kuma bata yi ƙarya ba. Maimakon muyi ta jayayya da wannan sai Baba mai keke ya bada shawara a koya musu gyara, rage ƙugun wando da rage tsawo da canza zif da cike yagewa, yace shi da wannan ya aurar da ƴaƴa biyu. Kuɗin farko da yaran suka fara riƙewa a hannunsu daga gyaran gwanjo ya fito, kuma shi ya sa wani uba da yake shirin cire ƴarsa ya fasa.

Sallar 2024 ta kama Laraba 10 ga Afrilu. Cikin sha huɗun da muka fara dasu tara ne suka rage, biyu anyi musu aure ɗaya tana Sagamu, biyu iyayensu sun koma arewa, ɗaya kuma babanta ya hana duk roƙon da muka yi. Taran nan sun ɗinka kayan mata ashirin da shida da hannunsu, aka guge da dutsen gawayi aka sa kowanne a baƙar leda da suna a jiki, iyaye suka dinga zuwa ɗaya-ɗaya suna karɓa suna sa hannu a littafi. Uku aka dawo dasu gyara. Ɗaya daga cikin masu dawowar uwar marainiya ce, ta shigo tana faɗa sosai wai hammata ta matse kuma zif ɗin yana cijewa, wace ce ta ɗinka wannan a kira mata ita. Yarinyar da ta ɗinka ta fito jiki na rawa ta karɓa ta bada haƙuri tace Mama jibi ki aiko. Ni kuma ina zaune da littafi na sunkuyar da kai dan kar a ga idona, saboda bara irin wannan matar godiya kawai zata yi ta tafi da kayan da bai yiwa ƴarta ba.

Har yanzu akwai abinda ya gagare mu. Bamu da keken wibin na daje bakin yadi, sai mun kwasa mun kai shago ana cajinmu kowanne, in ma mun samu to yana son wuta kuma ajin babu ita sosai. Yaran da zasu gama basu da keke a gida, mun fara adashi a tsakaninsu da kuɗin gyara amma tafiyar tana da nisa, mutum biyu ne kawai suka ɗauka zuwa yanzu. Muna kuma bin hanyar da zasu zauna gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago ko jarabawar sana'o'i ta NABTEB dan su samu takarda a hannu, Malam hedimasta ne yake bin wannan. Yara maza shida sun rubuta suna suma suna so, kwamiti bai yanke ba tukuna saboda maganar lokaci da wanda zai koyar dasu.

Ita kuwa matar da ta dawo da kaya, ta bar ƴarta a makarantar amma bata sa sunanta a littafin kwastoma ba a shekara ta biyu, na aika mata ta bakin maƙwabciyarta tace a bar shi. Ban matsa ba. Muna gaisawa in mun haɗu a hanyar kasuwa. Ledar da ta kawo tana cikin kabad ɗin ajin tare da ragowar shuɗiyar atamfar nan wajen yadi huɗu, ragowar Anti tana yankawa sababbin ɗalibai suna koyon sa aljihu da zif a kai, rigar kuma na hana a taɓa.